Salim Yusuf da lissafin ambato: yadda ake auna aikin mai binciken ciwon zuciya

Kowace shekara, idan jerin nan da ake kira na "kashi 2 cikin 100 na manyan masana kimiyya a duniya" ya fito, sai jami'o'i su cika Facebook da hotunan malamansu, jama'a kuma su yi ta zuba addu'a da taya murna. Jerin aikin Farfesa John Ioannidis ne na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa, kuma daga rumbun bayanai na Scopus suke ɗebo alƙaluman. Murnar tana kan hanya, don ba ƙaramin aiki ke kai mutum can ba. Sai dai da yawa cikin masu rubuta "Allah ya ƙara basira" ba su san ainihin abin da aka ƙirga ba. Abin da aka ƙirga shi ne ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalar mutum a cikin nasu rubutun.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai sha wahalar gane tsarin ba, don ya san isnadi. Mai bincike ba ya faɗin magana haka kawai, sai ya ce wane ne ya gano ta, a wace mujalla, a wace shekara. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya ga cewa in aka tattara waɗannan manazarta wuri guda, za a iya bin sawun kowace maƙala a ga wa da wa suka jingina da ita, kuma a 1964 ya fitar da kundin farko na irin wannan lissafi. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira h. Lissafinsa mai sauƙi ne: in mutum yana da maƙala 30 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 30, to ma'auninsa 30 ne. Manufar ita ce kada mai maƙala guda da ta yi tashe, ko mai tarin maƙalun da ba wanda ya kula su, ya samu babbar lamba.

To amma malaman hadisi sun daɗe da bambanta hadisin da ya shahara a bakin mutane da wanda ya inganta. Wannan bambanci yana nan daram a kimiyya, kuma ba inda ya fi fitowa fili kamar fagen ciwon zuciya, inda lambobin suka fi girma, kuskure kuma rai yake ci. Mutumin da na ga ya fi dacewa a duba don fahimtar lamarin shi ne Farfesa Salim Yusuf na Jami'ar McMaster da ke Hamilton a Kanada. Ya wallafa maƙala sama da 1,000, ma'auninsa na h ya haura 200, a 2011 kuma wani lissafi na kamfanin Thomson Reuters ya sa shi na biyu a duniya cikin masanan da maƙalunsu suka fi jan ambato.

Daga Kerala zuwa Oxford

An haifi Yusuf a 1952 a jihar Kerala ta kudancin Indiya. Ya kammala karatun likita a kwalejin St. John's da ke Bangalore a 1976, sannan ya samu tallafin karatu na Rhodes ya tafi Oxford a Ingila. Can ya haɗu da likitan zuciya Peter Sleight da masanin ƙididdiga Richard Peto, daga baya kuma Rory Collins. Abin da ya fito daga wannan haɗuwa shi ne ginshiƙin duk lambobin da ake jinjina masa a yau, don haka ya kamata a tsaya a kansa.

A wancan lokaci, gwajin magani kan masu bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya jini, yawanci ƙanana ne. Asibiti ɗaya zai ɗauki majinyata ɗari biyu ko uku, ya ba rabi magani ya bar rabi. Wannan gwaji ya ce maganin yana aiki, wancan ya ce ba ya yi, likita ya rasa na kamawa. A 1984 Yusuf da Collins da Peto suka rubuta maƙala suna bayyana inda gizo ke saƙar. Suka ce yawancin magungunan kirki ba sa rage mutuwa da rabi, abin da suke ragewa bai wuce kashi 15 zuwa 25 cikin 100 ba. Irin wannan ragi ba ya ganuwa a mutum ɗari uku, don sa'a kawai za ta iya rufe shi ko ta ƙirƙiro shi. Amma a cutar da ke kashe miliyoyi, ragin kashi 20 rayuka ne masu ɗimbin yawa. Mafita ita ce a yi gwaji mai girman gaske kuma mai sauƙi: dubban majinyata, ɗaruruwan asibitoci, takardar cikewa gajera, a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a yadda likita ba shi da hannu a zaɓin, sannan a ƙirga abin da ba a jayayya a kansa, wato wa ya rayu wa ya mutu.

Wannan tunani ne ya haifi jerin gwaje-gwajen maganin bugun zuciya da ake kira ISIS. Na biyunsu, wanda mujallar Lancet ta buga a 1988, ya ƙunshi majinyata 17,187 a asibitoci 417. Ya nuna cewa asfirin, wannan dai da ake saya a kowane kyamis, yana rage mace-macen makonni biyar na farko da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, allurar narkar da gudan jini ta streptokinase ma haka, in kuwa aka haɗa biyun, mutuwa ta sauko daga kashi 13 zuwa kashi 8 cikin 100. Cikin ɗan lokaci ba da asfirin ga mai bugun zuciya ya zama ƙa'ida a asibitocin duniya.

A 1984 Yusuf ya koma cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, inda ya jagoranci gwajin SOLVD da ya nuna a 1991 cewa maganin enalapril na tsawaita ran masu gazawar zuciya. A 1992 ya koma McMaster, a 1999 kuma ya kafa cibiyar binciken lafiyar al'umma da ake kira PHRI, wadda daga cikinta mafi yawan manyan ayyukansa suka fito.

Maƙalu biyu da suka ɗauki kaso mai tsoka

Ta farko ita ce ta gwajin HOPE, wadda mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2000. An ɗauki mutum 9,297 masu shekara 55 zuwa sama, waɗanda ke da ciwon jijiyoyin jini ko ciwon suga amma zuciyarsu ba ta gaza ba. Cikin waɗanda aka ba maganin ramipril, kashi 14 ne suka gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta dalilin zuciya. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta, kashi 17.8 ne. A cikin gwajin dai aka jarraba bitamin E, wanda a lokacin ake ta kururuta shi a matsayin garkuwar zuciya, aka ga bai tsinana komai ba. A ganina wannan sakamako na biyu bai gaza na farko daraja ba, don ya hana mutane zubar da kuɗi a banza.

Ta biyu ita ce INTERHEART, a Lancet a 2004, wadda an ambace ta sau fiye da dubu goma. Kafin ita, kusan duk abin da aka sani kan musabbabin bugun zuciya daga Turawan Amurka da na Turai aka samo shi, musamman binciken garin Framingham da aka fara a 1948. Ana ta maimaita cewa abubuwan da aka sani ba su bayyana fiye da rabin cutar ba, ana kuma tababa ko abin da ya shafi Bature ya shafi Ba'indiye ko Balarabe ko baƙar fata. Yusuf da abokansa suka tattara mutum 15,152 da suka yi bugun zuciya karo na farko, da 14,820 da ba su yi ba, daga ƙasashe 52, suka kwatanta su. Suka samu abubuwa tara da ke bayyana kashi 90 cikin 100 na haɗarin a maza, kashi 94 a mata: shan taba, lalacewar ma'aunin kitsen jini, hawan jini, ciwon suga, tumbi, damuwa da matsin rayuwa, ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace, rashin motsa jiki, da yanayin shan giya. Taba da kitsen jini kaɗai sun kwashe kusan kashi biyu cikin uku. Kuma hoton kusan iri ɗaya ne a kowace nahiya.

Dalilin da ya sa maƙalar ta samu wannan ambato a bayyane yake. Duk wanda zai rubuta wani abu kan rigakafin ciwon zuciya, a Lima yake ko a Lahore, yana bukatar jimla guda a gabatarwarsa da ke cewa yawancin haɗarin abu ne da ake iya kauce masa, kuma INTERHEART ce madogarar wannan jimla. Sai dai binciken yana da raunin da ke tattare da irinsa. An tambayi mutane ne bayan cuta ta riga ta same su, wanda ke kwance a gadon asibiti kuwa ba ya tuna damuwarsa da cimarsa yadda mai lafiya ke tunawa. Batun giya misali ne: binciken ya ga kamar masu sha kaɗan-kaɗan suna da ɗan sauƙin haɗari, amma nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun jefa shakku mai ƙarfi kan wannan fahimta. Mai ambaton maƙalar a jimla ɗaya ba ya kawo wannan bayani, lissafin ambato kuma bai san da shi ba.

Abin da ke kumbura lamba

Ko a wajen mutum irin Yusuf, wanda ba a shakkar nauyin aikinsa, lambar tana ɗauke da abubuwan da ba tasiri kan majinyaci ba ne kai tsaye. Ɗaya daga maƙalunsa da aka fi ambata ita ce ta 1985, wadda ta tattara gwaje-gwajen magungunan rage gudun zuciya da likitoci ke kira beta-buloka. Da yawa cikin masu ambatonta ba ruwansu da zuciya sam. Suna ambatonta ne don a cikinta aka bayyana wata dabarar lissafi ta haɗa sakamakon gwaje-gwaje, wadda ake jingina wa Peto. Mai binciken ciwon daji ko na haihuwa da ya yi amfani da dabarar dole ya ambaci maƙalar. Wannan tasiri ne na gaske, amma ba irin wanda mai karanta lambar zai zata ba.

Sannan akwai batun yawan marubuta. Babban gwaji yakan fito da sunaye ashirin ko talatin a sama, da ɗaruruwa a rataye. In an ambaci maƙalar sau 5,000, kowane mai suna a sama ya samu 5,000 cif, ba a rabawa. Shugaban cibiyar da ke gudanar da gwaje-gwaje goma a lokaci guda sunansa zai fito a kowanne, da kuma maƙalun da ake ci gaba da tatsa daga bayanan kowane gwaji shekara da shekaru. Ioannidis ɗin nan da kansa ya wallafa nazari a mujallar Nature a 2018 kan masanan da ke fitar da maƙala duk kwana biyar, wato sama da 72 a shekara, kuma likitocin zuciya sun fito sosai a ciki. Ba wanda zai iya zama ya rubuta maƙala 72 na bincike a shekara da hannunsa. Abin da lambar ke nunawa a nan shi ne girman rundunar da mutum ke jagoranta.

Girman fagen ma yana da nasa. Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kisa a duniya, kusan mutum miliyan 18 zuwa 20 a shekara, don haka masu bincike a kansu suna da yawa, mujallu suna da yawa, kuɗin kamfanonin magani ma yana nan. Ma'aunin h na 40 a wajen masanin lissafi ko na harshe abu ne babba, a wajen shugaban sashen zuciya a babbar jami'ar Amurka kuwa ba abin a zo a gani ba ne. Haka kuma Google Scholar yakan ba da lamba mafi girma fiye da Scopus ko Web of Science, don yana ƙirga kundayen digiri da takardun taro da sauran abin da ya tsinta a intanet. Duk wanda ya kawo maka lamba bai faɗi rumbun da ya ɗebo ta ba, rabin magana ya faɗa maka.

Inda shahara ta rabu da inganci

Labarin da ya fi tayar mini da hankali a wannan fage shi ne na Don Poldermans, likita a cibiyar Erasmus da ke Rotterdam a ƙasar Holan. A 1999 ya wallafa gwaji a New England Journal of Medicine kan majinyata 112 kacal, yana cewa ba da beta-buloka kafin babbar tiyatar jijiyoyin jini ya rage bugun zuciya da mutuwa daga kashi 34 zuwa kashi 3.4 cikin 100. Ragi irin wannan, a gwaji ƙarami haka, shi ne ainihin abin da maƙalar 1984 ta yi kashedi a kansa. Amma maƙalar Poldermans ta yi farin jini, aka yi ta ambatonta, Poldermans ya ci gaba da jerin gwaje-gwajensa na DECREASE, ya tara ɗaruruwan maƙalu, har ya shugabanci kwamitin da ya rubuta wa ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ƙa'idojin kula da zuciya lokacin tiyata a 2009.

Shekara guda kafin waɗannan ƙa'idoji, a 2008, wani gwaji daga McMaster mai suna POISE, wanda P. J. Devereaux ya jagoranta kuma Yusuf na cikin marubutansa, ya fito a Lancet da majinyata 8,351. Maganin beta-buloka da aka gwada ya rage bugun zuciya, gaskiya ne, amma ya ninka shanyewar ɓarin jiki, mutuwa kuma ta tashi daga kashi 2.3 zuwa 3.1 cikin 100. Masu kare tsohon ra'ayi suka ce ai maganin da aka bayar a POISE ya yi yawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a wannan. Sai a 2011 cibiyar Erasmus ta sallami Poldermans bayan kwamitin bincike ya gano saɓa ƙa'ida da bayanan da ba su da tushe a wasu daga gwaje-gwajensa. Da wasu masana a Landan suka sake lissafi ba tare da gwaje-gwajen DECREASE ba, sai suka ga fara maganin dab da tiyata yana ƙara mutuwa da kusan kashi 27 cikin 100. Tsawon waɗannan shekaru lambar ambatonsa hauhawa take yi, likitoci kuma suna bin ƙa'idar da aka gina a kan gwaje-gwajensa da kyakkyawar niyya.

Labarin Piero Anversa, mai binciken zuciya da ya yi aiki a asibitin Brigham and Women's na Amurka, shi ma haka ne. A 2001 ya ce ƙwayoyin halitta na ɓargo suna iya komawa tsokar zuciya su gyara wadda ta mutu. Tun 2004 wasu ɗakunan bincike suka bayyana cewa sun gwada ba su ga haka ba, amma fagen ya ci gaba da bunƙasa. A 2017 asibitin Brigham and Women's da uwar ƙungiyarsa suka amince su biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 kan zargin samun tallafi da bayanan ƙarya, a 2018 kuma asibitin da Jami'ar Harvard suka nemi a janye maƙala 31 daga ɗakin bincikensa. Rumbun lissafi ba ya bambanta wanda ya ambace ka don ya gaskata ka da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, kowanne ɗaya ake rubuta maka.

Shi kansa Yusuf bai kuɓuta daga jayayya ba, ko da yake tasa ta saɓanin fahimta ce, ba ta zargin maguɗi ba. Babban bincikensa na PURE, wanda ke bin rayuwar mutane sama da dubu ɗari a birane da ƙauyukan ƙasashe masu arziki da matalauta, ya fitar da maƙala a 2014 cewa mafi ƙarancin haɗari yana wajen masu cin giram 3 zuwa 6 na sinadarin sodiyam a rana, waɗanda ke ƙasa da haka kuma haɗarinsu ya fi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa take kada a kai giram 2, wato kimanin giram 5 na gishiri. Masu suka suka ce an kimanta gishirin ne daga fitsarin safiya sau ɗaya maimakon na awa 24, kuma mai yiwuwa masu cin gishiri kaɗan dama marasa lafiya ne da aka hana su ko cin abincinsu ya ragu. Ni ina ganin sukar tana da ƙarfi, kuma abin lura shi ne ma'aunin da Yusuf ya koya wa duniya, wato babban gwaji na ƙuri'a, shi ne ya fi ba da haske a nan: a 2021 gwajin da aka yi kan mutum 20,995 a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin ya nuna cewa musanya gishiri da wanda aka rage wa sodiyam aka ƙara masa fotasiyam ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Maƙalar 2014 dai tana ci gaba da tara ambato daga ɓangarorin biyu. Mai hawan jini kada ya ɗauki wannan muhawara a matsayin izinin ƙara gishiri a miya.

Cututtukan da lissafi ba ya gani

Gwajin RE-LY na 2009, wanda Stuart Connolly na McMaster ya jagoranta tare da Yusuf, ya kwatanta sabon maganin tsinka jini dabigatran da tsohon, warfarin, a mutum 18,113 masu rikicewar bugawar zuciya. Yana cikin gwaje-gwajen zuciya da aka fi ambata a wannan ƙarni, don ya buɗe kasuwar biliyoyin daloli. Amma shi da takwarorinsa ba su haɗa da masu tsananin tsukewar ƙofar zuciya ba, wadda galibi ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba. Ciwon zuciyar da ke biyo bayan irin wannan ciwon maƙogwaro yana damun kusan mutum miliyan 40, akasarinsu a Afirka da kudancin Asiya. Sai a 2022, shekara 13 bayan RE-LY, aka samu amsa daga gwajin INVICTUS na cibiyar PHRI ta Yusuf, kan mutum sama da 4,500, mafi yawansu mata. Sakamakon ya zo da ba-zata: tsohon magani mai araha ya fi sabon, rivaroxaban, rage mutuwa. Ga likitan da ke duba matashiya mai wannan ciwo a Kano ko Khartum ko Kampala, INVICTUS ya fi RE-LY amfani nesa ba kusa ba, amma da wuya ya taɓa kamo shi a ambato, don masu rubutu kan cutar ba su da yawa.

Wani aikin cibiyar, INTER-CHF, wanda Najeriya da Sudan ke cikin ƙasashe 16 da ya shafa, ya nuna a 2017 cewa kashi 34 cikin 100 na masu gazawar zuciya a Afirka sun mutu cikin shekara guda, alhali su ne mafi ƙarancin shekaru cikin duk waɗanda aka bi.

Ƙasar Hausa tana da nata darasin a kan yadda ambato ke tafiya. A shekarun 1970, Neil Davidson da Eldryd Parry sun bayyana yawan gazawar zuciya a wajen masu jego a Zariya, suka kuma yi hasashen cewa kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa suna da hannu. Aiki ne mai daraja, shi ya sa duniya ta san da matsalar. Sai dai hasashen ya yi ta yawo daga wannan maƙala zuwa waccan kusan shekara arba'in, wannan ya ambaci wancan, har ya zama kamar tabbataccen abu. A Yamai, tun 1992 wasu masu bincike suka lura da ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata. Da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka tattara bayanai daga asibitoci a faɗin Najeriya ƙarƙashin rajistar PEACE, abin da suka wallafa a 2020 ya nuna cewa rama, rashin ilimin boko, rashin aikin yi da hawan jinin masu ciki su ne suka fito a matsayin abubuwan haɗari, wankan jego da kunun kanwa kuwa ba su nuna alaƙa mai ƙarfi ba. A wasu sassan arewa maso yamma cutar tana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Duk kwamitin ƙarin girma da zai auna irin wannan aiki da ma'aunin h kaɗai zai tauye shi, don masu ambatonsa ba za su taɓa kai masu ambaton sabon maganin kitsen jini ba. Tun 2012 sanarwar San Francisco kan auna bincike ta yi kira da a daina hukunta maƙala da sunan mujallar da ta fito a ciki, a koma karanta abin da ta ƙunsa.

Tsakanin mujalla da gadon asibiti

Abin da ya sa nake ganin Yusuf ya cancanci girmamawa fiye da lambarsa shi ne ya koma ya auna ko abin da aka gano ya isa ga mutane. A 2011 PURE ya duba waɗanda suka taɓa yin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ya tambaya ko suna shan wasu magunguna huɗu masu araha da aka tabbatar suna hana maimaituwa. A ƙasashe masu arziki, kashi 11 cikin 100 ne ba sa shan ko ɗaya. A ƙasashe matalauta, kashi 80 ne. Asfirin da danginsa, shekara 23 bayan ISIS na biyu, bai kai ga kashi 9 cikin 100 na majinyatan ƙasashe matalauta ba, maganin rage kitsen jini kuwa kashi 3 ne da 'yan kai.

Tun 2002 ya rubuta a Lancet cewa haɗa waɗannan magunguna zai iya rage haɗari ƙwarai, a 2003 kuma Nicholas Wald da Malcolm Law suka fito da shawarar dunƙule su a ƙwaya guda. Kamfanonin magani ba su yi rububin abin ba, tunda magungunan duk sun tsufa, ribarsu kaɗan ce. Gwajin TIPS-3 da Yusuf ya jagoranta kan mutum 5,713, wanda aka bayyana sakamakonsa a ƙarshen 2020, ya nuna cewa ƙwayar haɗin tare da asfirin ta rage aukuwar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini da kusan kashi 31 cikin 100 a mutanen da ba su taɓa kamuwa ba. A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan ƙwaya cikin jerin muhimman magungunanta, shekara 21 bayan waccan maƙala ta 2002.